Likita Mila, Baturen Da Ya Zo Neman Birni Ya Ƙare Da Ƙauyen Wusasa

Duk wanda ya taɓa tasowa daga nan Kudu ya nufi Kano ta hanyar Kaduna, ko a motar haya ko a bayan tirelar da ta sauke shanu za ta koma, to ya wuce ta gefen Wusasa ko bai sani ba. Tana nan dab da shiga Zariya, kusa da duwatsun Kufena. A yau gari ya ci ya cinye ta har ta zama kamar unguwa, amma a 1929 ƙauye ce a bayan ganuwa, kuma a nan ne aka kafa jama'ar Kiristoci Hausawa mafi suna a ƙasar Hausa, da cocinsu na ƙasa, da makaranta, da asibiti. Ba a iya ba da labarin wurin ba tare da sunan wani Baturen Ingila ba, Walter Miller, wanda Zazzagawa suke kira Likita Mila. Abin da ya ja hankalina a tarihinsa shi ne, Wusasan da ake tuna shi da ita, shi bai so a koma can ba ko kaɗan.

An haifi Mila a 1872 a wani ƙaramin gari mai suna Honiton a ƙasar Ingila. Ya yi karatun likita a asibitin St Bartholomew da ke Landan, daga nan ya ba da kansa ga ƙungiyar mishan ta CMS, wato ta cocin Angilikan. Mu mazauna Kudu ba baƙin wannan suna ba ne. Su ne suka sauka a Onitsha tun 1857 ƙarƙashin Samuel Ajayi Crowther, shi ya sa har yau za ka ji ana kwatance da CMS a Onitsha da Legas, ga makarantunsu da manyan cocinansu ko'ina a ƙasar Ibo. Nasarar da suka samu a bakin Kwara ce ta sa suka ɗaga ido suka hango ƙasar Hausa. A wancan lokaci akwai wani zato da ya yaɗu a tsakanin Turawan mishan, wai Hausawa ba su riƙi Musulunci da gaske ba, Fulani ne suka ɗora musu shi da takobi, da zarar an zo musu da wani abu sabo za su karɓa. Da wannan zato Mila ya baro gida, kuma shi ya wahalar da shi shekara da shekaru.

Kafin ya taka ƙasar Hausa sai da ya fara neman harshen. Shi da abokan tafiyarsa suka tafi Tarabulus ta ƙasar Libiya, lokacin tana hannun Turkawa, don akwai zangon Hausawa a can: fatake masu ratsa hamada, da alhazai masu hanyar Makka, da bayin da aka 'yanta. Kun ga ke nan zaman ci-rani da kafa zango a ƙasar wasu ba yau Bahaushe ya fara ba. A wannan zango ya haɗu da wani yaro Bakatsine, Abdulmajid, wanda ya fito aikin hajji tare da mahaifinsa, uban ya rasu a hanya. Yaron nan daga baya ya zama na hannun damansa, kuma da yawa daga Hausar da Mila ya iya a bakinsa ya ɗauka.

A farkon 1900 ayarinsu ya tashi daga Legas. Su biyar ne Turawa, jagoransu Bishop Herbert Tugwell, wanda Onitsha ma a ƙarƙashinsa take a lokacin. Babu jirgin ƙasa zuwa Arewa, babu mota, sai ƙafa da doki da 'yan alaro. Suka biya ta Jebba inda Lugga yake, bai daɗe da karɓar mulki daga hannun kamfanin Neja ba, kuma ikonsa bai kai Zariya ba balle Kano. Bai so su zarce ba, amma suka zarce. A Zariya Sarki Kwasau ya karɓe su. A Kano kuwa Sarki Alu Babba bai ɓata lokaci ba, ya gan su a fada, ya ji abin da ya kawo su, ya ba su 'yan kwanaki su fice masa daga gari. Ni dai ban ga laifin Alu ba. Baƙi sun shigo ƙasarka ba izini, 'yan'uwansu na can bakin kogi da bindigogi suna cin garuruwa ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan su ce addini suka kawo. Shekara uku bayan haka, a 1903, sojojin Lugga suka ci Kano.

Da aka kore su sai suka ja da baya zuwa Girku, kudu da Zariya. A nan ɗaya daga cikinsu, Dudley Ryder, ya rasu, wani ciwo ya mayar da shi gida, bukkokinsu suka ƙone, ayari ya watse. Mila ma ya koma Ingila, amma ya sake dawowa Girku, ya yi ta haƙuri yana ba da magani yana jiran ƙofa ta buɗe. A 1905 ya samu abin da yake nema, aka bar shi ya zauna a cikin birnin Zariya, cikin ganuwa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba zai taɓa addininsu ba, kuma bisa wannan alkawari gwamnatin Turawa ta riƙa hana 'yan mishan shiga biranen Musulmi. Mila ya zama kamar ƙashin kifi a wuyan gwamnati, ba a haɗiye shi ba, ba a kuma iya tofar da shi ba, har shekara ashirin da huɗu.

A cikin birni ya buɗe ɗakin shan magani da makarantar yara maza. Yana sa riga da rawani irin namu, abin da jami'an mulki ba su so ba, don a ganinsu yana zubar da girman Bature. Bai taɓa aure ba. Gidansa cike yake da yara, wasu marayu, wasu 'yantattun bayi, wasu iyayensu ne suka kawo su karatu, kuma akwai waɗanda suka ɗauki sunansa, shi ya sa har yau ake samun Hausawa Kiristoci masu sunan Miller. Hausa kam ya iya ta, har da karin magana da habaici, ya kuma rubuta littafin koyon Hausa don Turawa tun a shekarunsa na farko. Yana cikin waɗanda suka matsa wa Lugga lamba a riƙa rubuta Hausa da baƙaƙen boko a bar ajami. Kada mu yi wa kanmu ƙarya, dalilinsa ba ƙaunar Hausa kaɗai ba ce, yana ganin ajami na ɗaure mutane da Larabci da Alƙur'ani. Gwamnati ta bi wannan shawara, Ɗan Hausa ya buɗe makarantar boko a Nasarawa ta Kano a 1909, aka ci gaba da gyara ƙa'idojin rubutu har aka kai ga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Rubutun nan da kuke karantawa a waya yanzu, da hannun Mila a cikin asalinsa, ko mun so ko mun ƙi.

To amma abin da ya zo dominsa fa? Nan ne lissafi ya ƙi fita. Mutanen birni sun sha maganinsa, sun gaishe shi, malamai sun zauna sun yi muhawara da shi, sa'an nan kowa ya tashi ya tafi masallaci. Waɗanda suka bi shi a cikin Zariya ba su taka kara sun karya ba a yawa. Ga shi kuma mutum ne mai zafin kai da baki, ba ya ganin abu ya yi shiru. Ya sa Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi a gaba, sarkin nan mawaƙi da ya hau a 1903, yana ta kai ƙararsa wurin Turawa kan zalunci da cinikin bayi a ɓoye. A 1920 aka tuɓe Aliyu aka kai shi Lokoja, can ya rasu. Ƙorafe-ƙorafen Mila na cikin abin da ya jawo haka, kuma gidajen sarauta ba su manta ba. Wasu na ganin ya tsaya wa talaka ne a lokacin da ba mai iya ɗaga murya a gaban sarki. Wasu na ganin baƙo ne da aka ba masauki ya koma yana auna gidan mai gida. Ni ina ganin duka biyun akwai gaskiya a ciki.

Jama'ar da ta zama tushen cocinsa daga wani wuri dabam ta fito, kuma labarinsu ya fi nasa ban mamaki. Tun kafin Bature ya zo, a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, an yi wani malami a Kano mai suna Malam Ibrahim. Cikin karatunsa na Alƙur'ani ya tsaya a kan ayoyin da suka ambaci Annabi Isa, alaihis salam, ya riƙa ba shi wani matsayi da sauran malamai suka ga ya wuce iyaka. Ya tara mabiya, aka kira su Isawa. Hukuma ta nemi ya janye ya ƙi, aka kashe shi a kasuwar Kano. Mabiyansa suka watsu, wasu suka shige duwatsun Ningi, wasu suka faɗa ƙauyukan kan iyakar Kano da Zazzau da Bauchi, suna riƙe da abin da malaminsu ya bar musu, har da jiran wasu da za su zo da cikakken labarin Isa. A 1913 waɗansu daga 'ya'yansu da jikokinsu suka iso wurin Mila a Zariya. Mutumin da ya shekara goma sha uku yana ƙwanƙwasa ƙofar birni ba a buɗe ba, sai ga mutanen karkara sun zo da ƙafarsu.

Aka nema musu fili a Gimi, a ƙasar Maƙarfi ta yanzu, suka taru suka kafa ƙauyen Kiristoci Hausawa na farko. Wanda ya zauna da su baƙar fata ne daga tsibiran Karebiyan, Rabaran W. A. Thompson. Suka yi coci, suka yi makaranta, suka kama noma, kuma ta hannun Thompson aka kawo injin matse rake ana dafa ruwan ana yin mazarƙwaila, sana'ar da ƙasar Maƙarfi ta yi suna da ita har gobe. 'Yan shekaru abin ya yi kyau ƙwarai. Sai ciwon barci ya shigo. Duk ɗan gidan shanu ya san ƙudan tsando, shi ne mai sa wa dabba sammore ta rame ta mutu, shi ne ma dalilin da ya sa shanunmu na Arewa ba sa daɗewa a dazukan Kudu sai dai a kawo a yanka. To irin wannan ƙuda da ke zaune a kurmin bakin rafi shi ke sa wa mutum ciwon barci, kuma a lokacin babu wani magani na kirki. Mutum ya fara da zazzaɓi da kumburin wuya, ya koma gyangyaɗi da rana tsaka, daga nan sai kabari. Cutar ta cinye Gimi. Likita guda yana ji yana gani jama'ar da ya fi sa rai a kansu suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ba abin da ya iya. Waɗanda suka tsira suka watse, yara da dama aka kwashe su zuwa makarantar Zariya. Sai a shekarun 1930 gwamnati ta tashi tsaye kan wannan cuta a yankin, ta sare kurmi a ƙasar Anchau ta tayar da ƙauyuka, har aka gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya.

A shekarun 1920 zaman mishan a cikin birni ya ƙara tsami. Makaranta ta cika, wuri ya yi kaɗan, fada ba ta so, Turawan mulki ma ba sa so, musamman Richmond Palmer da ke riƙe da lardunan Arewa. Ana cikin haka 'yar'uwar Mila, Ethel, wadda ita ma aikin mishan ya kawo ta, ta buga wani ɗan littafi na ɓatanci ga Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam. Ran Musulmi ya ɓaci, gwamnati ta tsorata, masu cewa a fitar da mishan daga birni suka samu hujja. Sababbin ma'aikatan CMS da suka zo, irin su Guy Bullen, su ma suna ganin gara a fita inda za a samu fili a yi asibiti da makaranta yadda ya kamata. Mila ya ƙi. A ganinsa fita daga ganuwa amincewa ce cewa an kāsa, kuma raba Kirista Bahaushe da danginsa a kai shi wani keɓaɓɓen wuri zai mayar da shi baƙo a ƙasarsa. A wannan magana ta biyu kam yana da hujja, mu da ke zaune a unguwannin Hausawa na Inugu da Fatakwal mun san yadda zama a gefe yake, ana ciniki da kai kullum amma ana kallonka ɗan wani wuri. Sai dai ba a bi ra'ayinsa ba. A 1929, zamanin Sarkin Zazzau Ibrahim, aka ba su fili a Wusasa, mishan ya tattara ya fita.

Cocin da suka gina a can shi ne abin kallo. Ba su yi irin dogon ginin dutse mai hasumiya da muke gani a Onitsha ba. Magina Hausawa aka sa, suka yi shi da tubali da ƙasa da azara, da bakan gizo a ciki irin na soron sarakuna da tsohon masallacin Juma'a na Zariya. Aka sa masa suna St Bartholomew, sunan asibitin da Mila ya yi karatu. Kusa da shi aka yi makaranta mai wannan suna, da asibitin St Luke, wanda Musulmin Zariya da ƙauyukanta suka fi kowa cika shi. Daga baya aka yi kwalejin St Paul, wadda ake kira Kufena yanzu. Addu'a da Hausa, wa'azi da Hausa, waƙa da Hausa. Mazauna wurin suka zama wata irin jama'a ta daban: ragowar Isawan Gimi, da yaran gidan Mila, da Fulani, da Maguzawa, da masu wa'azi daga ƙasar Filato. Sunayensu Bulus, Ishaya, Yohanna, Dauda, Rahila, ga riga da hula, ga tuwo da miyar kuka, ga kunya irin ta Hausa, kuma kusan kowane gida yana da dangi Musulmi a birni ko a ƙauye da ake zumunci da su a biki da mutuwa.

Yawansu kaɗan ne, amma da yake sun riga kowa shiga boko, da Arewa ta tashi neman ma'aikata 'yan ƙasa sai aka same su a gaba. Dokta R. A. B. Dikko, ɗan Arewa na farko da ya zama likitan zamani, yaron makarantar Mila ne, ya yi karatu a Birmingham. Shi ne shugaban farko na Jam'iyyar Mutanen Arewa, ƙungiyar da ta rikiɗe ta zama NPC ta su Sardauna da Tafawa Ɓalewa a 1951, kuma sunansa ne a kan asibitin Barau Dikko na Kaduna. Ku duba fa, jam'iyyar da ta mulki Arewa, shugabanta na farko Kirista ne daga wannan 'yar jama'a. Farfesa Ishaya Audu, wanda mahaifinsa daga Isawa ya fito, shi ne ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975. Dattawan Inugu za su tuna shi, don shi ya tsaya mataimakin Azikiwe a jam'iyyar NPP a zaɓen 1979, daga baya ya yi ministan harkokin waje a gwamnatin Shagari. John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, littafin da da yawanmu muka karanta a sakandare, shi ma ɗan wannan gida ne. Sai kuma Yakubu Gowon, wanda mahaifinsa mai wa'azi ne ɗan ƙabilar Angas da ya zauna a Wusasa. A nan ya tashi, a makarantar St Bartholomew ya fara karatu, kafin ya mulki Nijeriya daga 1966 zuwa 1975. Sunansa a nan ƙasar Ibo ba sai an yi dogon bayani ba.

Shi kuwa Mila bai zauna a Wusasa ya ci moriyar wannan ba. Da aka fita daga birni sai ya koma Kano, garin da aka kore shi shekara talatin da suka wuce, ya zauna a wajen ganuwa ya duƙufa kan aikin da ya daɗe yana yi, wato fassara Baibul. Da taimakon malamai Hausawa da 'yan wasu ƙungiyoyin mishan aka gama, aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. A nan ma abin ya bi ta inda bai zata ba. Ya yi fassarar ne don Kanawa da Zazzagawa da Katsinawa, amma waɗanda suka rungume ta su ne ƙabilun Filato da Kudancin Kaduna da Bauchi da Adamawa, masu harsuna barkatai da ba su da littafi a nasu. Hausa ta zama harshen coci a duk wannan yanki. Shi ya sa idan ka bi ta barikin soja ko na 'yan sanda a Inugu ko Fatakwal ran Lahadi za ka iya jin ana waƙar coci da Hausa, kuma mai yin ta wataƙila Birom ne ko Bachama ko Kataf. Idan ya zo kasuwa sayen nama da Hausa za ku yi ciniki, har ya nemi ragi irin na ɗan gida.

A 1935 ya ajiye aiki da CMS ya koma Ingila, ya rubuta littafin tarihin gwagwarmayarsa da aka buga a 1936. Amma Ingila ta ƙi zaunuwa gare shi, bayan 'yan shekaru ya tattaro ya dawo, ya zauna a Bukuru kusa da Jos yana koyarwa yana rubutu. Tsufa bai rage masa kaifin baki ba. A littattafansa na ƙarshe ya riƙa caccakar Turawan mulki da tsarin En'e, yana cewa sun jingina da sarakuna sun bar talakan Arewa cikin jahilci da cuta alhali Kudu ta yi nisa, maganar da samarin Arewa masu neman sauyi su ma suka riƙa yi a shekarun nan.

Ya rasu a 1952 yana da shekara tamanin, aka binne shi a maƙabartar cocin St Piran da ke Jos, nesa da Zariyar da ya so da Wusasan da ya ƙi. Wusasa kuwa yanzu tana da bishop nata na kanta a cocin Angilikan, kuma tsohon ginin ƙasar nan na 1929 yana nan tsaye, ana yi masa yaɓe.